Zoben da Ruwa Ya Ci

Yakaka matar Umara ce, mai fataucin bandar kifi. A Zangon Baƙo suke zaune, wani ƙauye a bakin fadama, tafiyar rabin awa a babur daga Guri idan hanya ta bushe. Ita ke ƙyafe tarwaɗa da karfasar da masunta ke kawowa, shi kuma ya jera a kwalaye ya kai Haɗeja, daga can a loda a babbar mota sai Anaca. Yakan yi sati uku a kudu, wani lokaci wata guda, ya dawo ya yi kwana goma ya sake juyawa. 'Ya'yansu biyu mata, Umaima da Maijidda. Mahaifiyarsa, da kowa ke kira Iya, tana ɗakin da ke kallon nasu.

Shekara goma sha ɗaya da aurensu Umara bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ba mai yawan magana ba ne, kuma bai taɓa dawowa daga tafiya ba tare da ɗan tsaraba ba, ko da man ja ne a gora. Abin da ya sa tsoro a zuciyar Yakaka ba daga halinsa ya fito ba. Daga gidan Ɗan'auta ya fito, abokin tafiyarsa, wanda suke kwana ɗaki ɗaya a Anaca. Ɗan'auta ya kwanta ciwo ya rame har yara suka daina shiga ɗakinsa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara ce ta ci jikinsa. Bai cika shekara da rasuwa ba matarsa Fanna ta bi shi, da irin ramar, da irin tarin. Yakaka na cikin matan da suka yi mata wanka. Ta ɗaga hannun Fanna ta ji kamar kara. A wurin zaman makoki ba wanda ya ambaci sunan cutar, amma matan da mazansu ke tafiya kudu ba su iya haɗa ido da juna ba.

Sati biyu bayan haka Yakaka ta ce wa Iya za ta kai Maijidda a duba mata kunne. A ƙaramin asibitin da ke kusa da su akwai wata nas, Shamsiyya, 'yar Kafin Hausa, yarinya ce da Yakaka ta girme wa da kusan shekara goma. Bayan an gama da kunnen, Yakaka ta ƙi tashi daga kan benci. Shamsiyya ta gane, ta tura ƙofa, ta saurare ta. Aka ɗebi jini a yatsa, aka jira, sakamako ya fito babu komai.

Shamsiyya ta ce akwai ƙwayar rigakafi da ake sha kullum. Yakaka ta girgiza kai. Ba abin da Iya ba ta buɗewa a gidan nan, kuma tun ciwon Ɗan'auta kowa a ƙauyen ya san kamannin irin wannan robar magani. Sai Shamsiyya ta jawo durowa ta fito da wani abu a leda. Wani farin zobe ne na roba mai laushi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Ta ce wata ƙungiya ce ta kawo musu kaɗan don mata irinta. Mace kan matse shi ta tura can cikin gabanta, ya zauna wata guda yana sakin magani a hankali, sannan a canja sabo. Maigida ba zai ji shi ba. Ta ce ba ya karewa ɗari bisa ɗari, amma yana rage haɗari, muddin yana jiki.

"Abu ɗaya nake roƙonki, Maman Umaima," in ji ta. "Kada ki cire shi. Ko kina wanka, ko maigida na gari, ko kina al'ada, ki bar shi."

Yakaka ta ce to. A lokacin da gaske take.

Sati biyu na farko har mantawa take da shi. Umara ya dawo ya koma bai lura da komai ba. Sai al'adarta ta zo. Da ma ita mai ciwon mara ce tun tana budurwa, kuma jininta kwana bakwai yake yi cur. Amma wannan karon duk murɗawar da marar ta yi sai ta tuna da zoben. Ta riƙa ganinsa a ranta, zaune a hanyar jini kamar ciyawar kacalla a bakin magudanar ruwa, yana tare ƙazantar da Allah ya yi ta don ta fita. Da ta ga jinin ya yi duhu a rana ta biyu, ta ce a ranta ga shi nan, ya fara taruwa.

Abin da ya fi damunta ma ba ciwon ba ne. Wankan tsarki ne. Tun tana 'yar shekara goma sha uku aka koya mata cewa duk abin da jinin haila ya taɓa sai an wanke shi tas, a shanya inda ido ba ya gani. Ƙunzugunta ba ta taɓa haɗa shi da sauran wanki ba. To yaya mace za ta yi wanka ta hau sallaya, alhali a cikin jikinta akwai abin da ya kwana bakwai a cikin jini ba a wanke shi ba? Sallar ta karɓu? Azumin fa? Ta rasa wanda za ta tambaya. Tambayar na fita daga bakinta, tambaya ta biyu za ta biyo baya: me kike yi da shi, kuma me kike zargin mijinki da shi?

Ta gwada Iya ta bayan fage. Suna tsintar shinkafa ta ce ta ji ana cewa matan birni na sa wani abu a jikinsu don tazarar haihuwa, ko al'ada ta zo ba sa cirewa. Iya ta taɓe baki ta ce ai waɗannan ba su da salla, ɗauke da najasa suke yawo. Ta ci gaba da tsintarta.

A ranar Yakaka ta shiga banɗaki da buta ta ciro shi. Ta wanke da sabulu har sau uku, ta naɗe a tsumma mai tsabta, ta sa a gwangwanin madara, ta cusa tsakanin azara da bango a saman gadonta. Hankalinta ya kwanta, domin ta yi wa kanta lissafin da ta ga babu kuskure a cikinsa: ai a kwanakin nan addini ma ya hana maigida kusantarta, to wace kariya take buƙata? Ranar da ta yi wanka sai ta mayar.

Haka ta yi wata takwas. Duk ƙarshen wata takan sami dalilin zuwa asibiti, ta miƙa tsoho ta karɓi sabo. Shamsiyya kan tambaye ta ko akwai matsala, ko ta taɓa cirewa, ita kuma ta ce a'a. Ba don ta raina ta ba. Nauyi take ji ta zauna gaban yarinyar da ko aure ba ta yi ba tana yi mata bayanin jini da wanka. Ga kuma mata a waje, kowace da ɗa a hannu, ana leƙowa. Sau biyu aka sake gwada jininta, babu komai, sai ta ɗauka hanyarta ta yi daidai.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Tun watan Agusta masunta ke cewa kogi ya cika ya rasa hanya, kacalla ta toshe ko'ina. Maza suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗorawa a kan jingar da ke tare ruwan kogin. Umara na kudu. A farkon Satumba al'adar Yakaka ta zo, ta ciro zoben ta sa a gwangwani kamar kullum. Kwana biyu bayan haka, ana idar da sallar azahar, jingar ta ɓalle ta gabas.

Ruwan bai zo da gudu ba. Ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa kamar an kifar da randa, kafin a ɗaure kaya ya kai gwiwa. Yakaka ta goya Maijidda, ta ɗora wa Umaima ƙullin tufafi, ta kama hannun Iya wadda ƙafa ke damu. Sun kai bakin zaure ta tuna da gwangwanin. Ta tsaya. Komawa na nufin ta saki hannun tsohuwa a cikin ruwa, ta hau gado, ta laluba saman bango a gaban kowa. Iya ta ce me kika manta. Ta ce ba komai. Suka bi sahun mutane zuwa inda kwalekwale ke ɗiba. Washegari wani da ya koma dubawa ya ce ɗakinta ya zauna, rufin ya haɗe da ƙasa.

A makarantar firamare da ke kan tudu aka sauke su, mata arba'in da 'ya'yansu a aji ɗaya. Banɗaki biyu ne ga jama'ar duka, kuma kafin kwana uku sun cika. Yakaka na cikin jini, ƙunzugu ɗaya gare ta, sai ta yaga gefen zaninta. Ba wurin wankewa, ba wurin shanyawa. Takan zauna a lungu ta jingina da bango, ba ta tashi sai ta tabbata ba mai kallon bayanta. A nan ta riƙa ce wa kanta gara ma da zoben ba ya jikinta, da yaya za ta yi da shi a wannan ƙazanta. Da ta yi tsarki, da rabin bokiti ta yi wanka a bayan aji, Umaima na riƙe mata zani.

A rana ta tara Umara ya iso. Da ya ji labari ya baro kayansa a hannun wani, ya yi ta canja mota, ƙarshen tafiyar a kwalekwale ya yi ta. Ya tsaya a ƙofar ajin yana duban 'ya'yansa, idonsa ya kaɗa. Ya kwashe su zuwa Haɗeja, gidan wansa Sa'idu, aka ba Iya da yara ɗaki ɗaya, shi da Yakaka aka share musu ɗakin ajiya.

Wata biyu suka yi a can. Ba kifi, ba matoyar ƙyafe shi, hanyoyi sun yanke, don haka Umara bai koma kudu ba. Tun aurensu bai taɓa zama a gida haka ba. Yakaka ta yi ƙoƙari. Ta je wani asibiti a cikin gari, ta bi layi tun safe, da ta isa gaban tagar ta yi ƙasa da murya ta ce zobe take nema. Mutumin da ke tagar bai gane ba, ya sa ta maimaita, na bayanta suka miƙo wuya. Wata ma'aikaciya ta ce mata ba su da shi, sai ta koma inda aka yi mata rajista. Inda aka yi mata rajistar kuwa ruwa ya kai taga, an kwashe ma'aikatan zuwa sansanoni saboda amai da gudawa. Lambar Shamsiyya na cikin wayarta da ta jiƙe ta mutu.

Ta yi ƙaryar ciwon baya na kwana huɗu, ta yi ta ciwon kai na kwana biyu. Daga nan dabara ta ƙare. Mutum ne da ya rasa gida da jari, ya zo wurin matarsa yana neman sanyi, kuma ita ma ba ƙinsa take yi ba. Maganar kwaroron roba kuwa ba ta san ta inda za ta fara ta ba. Wajen sati na shida ta yi zazzaɓi da ciwon makogwaro, wasu ƙuraje suka feso mata a ƙirji. Rabin gidan Sa'idu na kwance da zazzaɓin sauro a lokacin, sai aka saya mata irin maganin da kowa ke sha. Ta warke.

Da ruwa ya janye suka koma Zangon Baƙo. Umara ya kafa rumfar zana, ya fara buga tubali. Yakaka ta tona inda ɗakinta yake, ta sami murfin tukunya da ƙafar gado, gwangwani kam babu. Ta ce bari al'ada ta zo ta wuce sannan ta je ta karɓi sabo. Al'adar ba ta zo ba. Wata na biyu ma shiru, sai tashin zuciya da safe.

Ranar awo ta tarar an sake buɗe asibitin, alamar ruwa na nan a bango har ƙugun mutum. Shamsiyya ta yi murna da ganinta, ta ce ta yi ta cigiyarta a sansanoni. Ta ɗebi jinin tana hira. Sai hirar ta tsaya. Ta ɗauko wani abin gwajin daban ta sake, ta jira, ta kuma dubawa. Sannan ta jawo kujerarta kusa.

Yakaka ba ta yi kuka ba. Ta dubi hannayenta, ta faɗi komai: gwangwanin, wata takwas ɗin, ranar da jinga ta ɓalle.

"Da yana jikina da ya fito tare da ni," in ji Yakaka. "Ko ba haka ba?"

"Da ya fito. Amma wata ɗaya yake aiki, ku kuma kun yi biyu. Kuma na gaya miki ba ya karewa duka. Wallahi ban sani ba, Maman Umaima. Ba wanda zai iya ce miki ga abin da zai faru." Sannan ta ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ke ma ba ki tambaye ni wanka ba. Ciwo kike tambayata."

Shamsiyya ta sunkuyar da kai. Ta yi mata bayanin maganin da za ta fara a ranar, ta ce idan ta riƙe shi da kyau za ta rayu ta ga jikokinta, kuma ana sa ran abin da ke cikinta ya kuɓuta. Yakaka ta juye ƙwayoyin a ƙullin leda, ta bar robar a kan tebur.

Kwana uku tana juya yadda za ta faɗa wa Umara. A na huɗu, da la'asar, Iya ta tafi barka da yaran, shi kuma yana gyara sabuwar matoya da laka har gwiwar hannu. Yakaka ta tsaya a kansa ta ce an gwada ta a wurin awo, an sami cutar da ta kashe Fanna. Ta shirya wa zagi, ta shirya wa saki, har ta shirya wa ya ce ita ta kawo. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da shafa lakar a wuri ɗaya.

"Shekara uku ke nan da na sani," ya ce. "Tun kafin Ɗan'auta ya kwanta."

Ya ce a wani asibiti a Anaca yake da kati, da wani suna. Can yake karɓar magani, yana ajiye shi a shagon wani, ya ƙullo na kwanakin da zai yi a gida a cikin aljihun 'yar-ciki. An gaya masa muddin yana sha kullum ba zai shafa mata ba, shi ya sa ya ga ba sai ya tayar mata da hankali ba. Wani lokaci yakan yi fashi, bai ɓoye ba. Da labarin ruwa ya same shi, na kwana goma ya ɗebo. A Haɗeja ya je ƙofar asibiti sau biyu, duk biyun ya hango wanda ya sani daga kasuwar kifi, ya juya.

Yakaka ta tambaye shi ko ya san maganin ya ƙare lokacin da yake zuwa mata a ɗakin ajiyar Yaya Sa'idu. Ya ce ya sani. Ya ce ya ɗauka wata ɗaya ko biyu ba za su yi komai ba, tunda jikinsa garau yake. Ita ba ta gaya masa zancen zoben ba, a ranar ko bayanta. Ta koma rumfa ta ɗora tukunya, domin yara na hanya.

Ba ta yi yaji ba. Yaji sai da dalilin da za a faɗa wa iyaye, ita kuwa ba ta da wanda zai faɗu. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana kai masa ruwan wanka, tana amsa gaisuwarsa. Abin da ya wuce haka ya mutu, kuma shi ma bai nema ba. Iya ta lura, ta ɗora laifin a kan laulayin ciki.

Da cikin ya kai wata bakwai, wata Asabar bayan an tashi daga Islamiyyar matan aure, Yakaka ta jira kowa ya fita. Ta ce wa Malama Hajo wata ce ta aiko ta da tambaya: macen da likita ya sa wa magani a can cikin jikinta, ya kwana a cikin jinin haila, idan ta yi wanka ba ta cire shi ba, ya sallarta? Malama Hajo na ɗaure littattafanta, ko tsayawa ba ta yi ba. Ta ce wanka na bayan jiki ne, abin da ke can ciki ba a ɗora wa mace wanke shi ba, sallarta lafiya lau. Ta ƙara da cewa ta gaya wa mai tambayar kada ta wahalar da kanta. Yakaka ta yi godiya. A hanyar gida ta zauna a gindin wata tsamiya har aka kira magariba.

Ta haihu a farkon damina, namiji, aka sa masa Ahmed. Shamsiyya ta ba ta wani maganin ruwa da za ta riƙa ɗiga masa a baki kowace safiya, Yakaka kuma ta ce wa Iya na ƙarin jini ne. Gwajin farko ya fito babu komai, amma aka ce ba a gama ba, sai an sake bayan yaye.

Umara ya koma kan magani, sai dai jikinsa bai karɓa kamar da ba. Tari ya kama shi a lokacin sanyi ya ƙi sakinsa. Ya daina zuwa kudu, ya koma zama a bakin matoya yana juya kifi, Yakaka kuma ta fara kai kwalayen Haɗeja da kanta ranar kasuwa, da Ahmed a bayanta. Shamsiyya ta taɓa roƙonta ta zo ta yi magana da wasu mata uku da suka karɓi zoben, ko da ba za ta faɗi nata labarin ba. Yakaka ta ce ba za ta iya ba, biyu daga cikinsu 'yan ƙauyensu ne. Umara ya rasu da bazara, Ahmed na wata goma. Mutanen gari suka ce hayaƙin banda ne ya cinye masa huhu, Yakaka kuma ta shiga takaba ba ta musa wa kowa ba.